Babbar Rigar Kunkuru

A Ɗorawa Uku, wani ƙauye da ke arewa da Minjibir, inda gona ke jingine da gona har in akuyarka ta tsinke sai ka ba gida biyar haƙuri, akwai wani tela ana ce masa Khamisu. Mutanen gari ke nan ke ce masa Khamisu. Shi kam tun ranar da ya kwance keken ɗinkinsa ya mayar, kusoshi suka yi saura a hannunsa amma keken ya ci gaba da aiki, ya raɗa wa kansa Injiniya, har ya sa aka rubuta masa da jan fenti a ƙofar shago.

Kada a zalunci bawan Allah, ɗinkinsa ba ya warwarewa. Riga takan tsufa ta yage ta koma tsumman goge fitila, ɗinkin Khamisu yana nan daram. Da a nan ya tsaya da kowa ya huta. Amma bakinsa ya fi kekensa gudu. In jirgi ya wuce ta sama sai ya ɗaga kai, ya kasa kunne, ya ce injin hagu na neman juyen mai. Ya taɓa gyara wa liman rediyo, tun daga ranar rediyon bai sake cewa uffan ba, Khamisu ya ce ai dama surutunsa ya yi yawa.

Yana da 'ya guda, Nazira, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandaren garin. A shekarar ne aka shirya gasar ƙera mutum-mutumi ta makarantun yankin, za a yi a Minjibir: 'yan firamare da nasu rukunin, ƙananan sakandare da nasu, manya da nasu. Na ɗaya da na biyu a kowane rukuni su za su wuce babbar gasa a Kano. Malamar kimiyya, Malama Sa'adiyya, ta samo kayan haɗi, Nazira da ƙawarta Aina'u suka duƙufa tun ana shuka gero har aka yanke shi. Nazira ba ta taɓa wuce Minjibir ba. In ta tashi Kano, in ta zauna Kano, har a cikin cin tuwo Kano.

Abin da suka ƙera bai fi akushi girma ba. Tayoyi ne da batir da wayoyi ja da shuɗi a warwatse, sai ƙananan idanu biyu a ƙarƙashin haɓarsa masu kallon ƙasa. Aikinsa ɗaya: in ya ga baƙin layi ya bi shi duk inda ya lanƙwasa. Saboda faɗinsa da tafiyarsa suka sa masa suna Kunkuru. Makaranta ba wuta, shagon Khamisu kuwa akwai sola, don haka a nan ake kawo shi ya ci caji.

Ranar farko da Nazira ta ajiye shi ta ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa shi."

"Ni za ki gaya wa? Ke a ina kika gaji ƙwaƙwalwar? A wajen uwarki?"

"Ni dai Baba, caji kawai."

Ba ta kai ƙofar makaranta ba ya riga ya ɗauko shi ya fito da shi gindin ɗorawa, inda Shafi'i mai shayi ke da tebur, inda kuma duk wani mai neman gardama a garin yake zuwa ya samu.

"Jama'a, ga shi nan," in ji Khamisu. "Aikin wata da watanni. Yaran sun ɗan taimaka mini da miƙo sukudireba."

Shafi'i ya leƙo daga bayan butar shayi. "Wannan ne? Na ɗauka fanka ce mota ta taka."

"Jahilci dai! Sunansa Barde. Kano za shi. In bai je Kano ba ku daina ce mini Injiniya."

"To dama wa yake ce maka?"

Aka tuntsire da dariya. Khamisu ya ce yanzu za su ga aiki. Ya rasa baƙin layi, sai ya koma shago ya jawo baƙin zare ya shimfiɗa a ƙasa, ya latsa maɓalli. Kunkuru ya yi ƙara, ya taka zaren, tayarsa ta naɗe shi, ya shiga jan ƙwaryar zaren tana tsalle a bayansa. Khamisu ya bi, zaren ya sarƙe masa ƙafa. Kafin ya kwance kansa Kunkuru ya hango abin da ya fi zare baƙi: ruwan ganyen shayin da Shafi'i ke zubarwa, wanda ya yi hanya siririya daga teburi zuwa kwata. Ya bi shi tiryan-tiryan, bai kauce ko kaɗan ba, ya faɗa kwatar ya yi rigingine, tayoyi suna juyawa a sama.

"Kun gani?" in ji Khamisu yana tsamo shi. "Ko a ruwa ba ya ɓata hanya!"

Ya zauna yana goge shi da ƙyalle. Shafi'i ya sunkuyo ya ƙare masa kallo.

"Injiniya, tsakani da Allah, haka za ku kai shi gaban manyan mutane? Hanji duk a waje? Ɗan gidan tela guda, tsirara! Ko mutum-mutumin gona ana rataya masa tsohuwar riga."

Wasa Shafi'i yake yi. Amma maganar ta shiga Khamisu har ƙashi. Ya dubi wayoyin nan ja da shuɗi, sai ya ji kunya ta kama shi, kunya ta gaske, kamar shi aka tsayar a kasuwar Ɗambatta ba wando. Za a tara shugabannin makarantu, da hakimi ko wakilinsa, a ce ga na Ɗorawa Uku, a fito da shi haka? A gari mai tela?

Da yamma ya gwada ruwa a gida. "Nazira, me zai hana a ɗan sa masa sutura?"

"Baba, idanunsa a ƙasa suke. Komai ya rufe su ya makance."

"Mu da muke sa babbar riga makancewa muke yi?"

Matarsa Maijidda tana ɓare gyaɗa ba ta ko ɗago ba. "Malam, ka bar wa yarinya abinta. Rediyon liman bai ishe ka ba?"

Khamisu ya tashi ya ba su wuri, amma ba don ya haƙura ba.

Washegari ya zazzage buhun ƙyallaye. Atamfa ta mata ce. Yadin makaranta na yara ne. Barde kuwa babban mutum ne, sai shadda. Shadda ɗaya ce a shagon, ruwan sararin sama, mai sheƙi har tana ɗaukar ido, kuma ta Alhaji Tahir ce, dillalin gyaɗa, shugaban iyayen yara, wanda ya kawo a yi masa babbar riga musamman don ranar gasar, domin an gaya masa a babban tebur zai zauna.

Khamisu ya auna da ido. Alhaji ba dogo ba ne can. Ɗan taƙi ɗaya daga ƙasa wa zai lura? Ya sa almakashi.

Riga ta farko ta matse Barde, batir ya ƙi shiga. Ya sake yanka. Ta biyu ya manta da wurin tayoyi. Ya sake yanka. Ta uku ta zauna cif, sai ya ga ai babbar riga ba ta tafiya ba hula. Ya sake yanka. Sannan ya zauna ya zuba mata aiki da baƙin zare, zanen aska a ƙirji irin na manyan riguna, ya kewaye bakin rigar da baƙin layi mai kauri, irin aikin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Da ya gama ya ɗaga ta sama, sai da ƙwalla ta taru masa don daɗi. Ya ninke ya ɓoye a aljihu.

Safiyar gasa Alhaji Tahir ya zo karɓar rigarsa. Ya zura, ya dubi ƙasa. Rigar da ya kamata ta share ƙasa ta tsaya a gwiwa tana lilo.

"Khamisu, ina sauran?"

"Sauran me, Alhaji?"

"Rigar! Ga ƙwaurina a waje."

Khamisu ya riƙe baki. "Alhaji, ashe ba ka da labari? Ai manya sun daina jan riga a ƙasa. Wannan shi ne sabon yayi, daga Dubai ya shigo. A duk ƙasar Minjibir kai ne na farko. Ni da na so in ɓoye sai Sallah, na ce a'a, Alhaji ya cancanta."

Alhaji ya juya hagu, ya juya dama. "Dubai ka ce?"

"Ko iska ma ta fi shiga."

Alhaji ya tafi yana taku ɗai-ɗai.

Aka cika a-kori-kura da yara da iyaye. Khamisu ya ce shi zai riƙe kwalin Barde, ba ya yarda da hannun kowa. Bai gaya wa kowa ba ya gayyato mai kalangu, ya cusa shi a baya tsakanin buhunan gyaɗar direba. Shafi'i ma ya rufe teburinsa ya hau, ya ce ko ba ciniki yau ba za a ba shi labari ba.

Ɗakin taron ya cika maƙil. An shimfiɗa farin allo a tsakiya, an ja baƙin layi mai lanƙwasa kamar hanyar gona, an kewaye da igiya. 'Yan firamare suka fara, da motocinsu na kara da murfin kwalba masu tafiya da batir, wata ta yi gaba, wata ta yi baya, iyaye suna ihu duk ɗaya. A gefe manyan sakandare suna gwada wani hannun ƙarfe mai tsince jar gyaɗa daga fara. Khamisu ya leƙa ya taɓe baki.

"Duk tsirara," ya ce wa Shafi'i. "Ba tarbiyya."

Da Malama Sa'adiyya ta ja yaran zuwa wajen alƙalai a duba sunayensu, sai ya sulale bayan ɗakin da kwali. Ya zura wa Barde riga, ya ɗora hula. Sai ya tuna gudu zai yi: in rigar ta zame a gaban mutane fa? Ya zaro allura ya bi ramukan jikin Barde ɗaya bayan ɗaya ya ɗinke rigar da su, ɗinki irin nasa, wanda ba ya warwarewa. Ya mayar cikin kwali ya rufe.

"Ɗorawa Uku!" in ji mai sanarwa. "Kowace makaranta dama biyu gare ta. Da an kira ku an fara lissafa lokaci."

Nazira ta karɓi kwali da gudu, ta tsallaka igiya, ta buɗe. Sai ta tsaya cak.

Aina'u ta leƙa ta ce, "Innalillahi."

"A ajiye a kan layi," in ji alƙali.

Ba yadda za ta yi. Ta fito da shi. Ɗaki ya yi tsit, sannan ya fashe. Ga wani ɗan dunƙulen Alhaji, shadda tana walƙiya, hula a karkace, ba kai ba ƙafa. Khamisu ya miƙe tsaye a kan benci.

"Barde ke nan! Na Injiniya! A buga masa!"

Mai kalangu ya saki kiɗa. Nazira ta latsa maɓalli.

Barde ya yi gaba kamar abin kirki. Bai yi nisa ba gefen rigar ya naɗe ya shige ƙarƙashin haɓarsa, baƙin aikin nan ya zauna daidai kan idonsa na hagu. Shi kuwa abin da aka koya masa ke nan, in ya ga baƙi ya bi. Ya juya hagu. Baƙin yana nan. Ya ƙara juyawa. Yana nan. Sai ya kama juyi a wuri ɗaya, riga ta buɗe kamar lema, hula tana kaɗawa, yana bin bakin rigarsa bil haƙƙi.

Mai kalangu ya ga rawa ta samu, ya ƙara wuta. 'Yan firamare suka hau tafi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

"Gaisuwa yake yi!" Khamisu yana ihu. "Sai ya gaida kowane ɓangare sannan ya tafi! Ni na koya masa!"

"To ya gaishe mu sau goma," in ji Shafi'i, "ko sai mun ba shi goro?"

A babban tebur kuwa Alhaji Tahir ya daɗe yana yi wa na kusa da shi bayanin yayin Dubai. Ya ji dariya ta yi yawa, ya miƙe don ya gani da kyau. Miƙewar da ta jawo masa ke nan. Mutane suka dubi Alhaji, suka dubi Barde, suka sake duban Alhaji. Shadda ɗaya, launi ɗaya, sheƙi ɗaya. Ɗaya tasa ta yi masa kaɗan, ɗaya tasa ta yi masa yawa.

Wani yaro daga baya ya ƙwala, "Anko suka yi!"

Ɗakin ya kife. Har alƙalai suka kwanta a kan tebur. Alhaji ya dubi ƙwaurinsa, ya dubi abin da ke juyi a ƙasa, fuskarsa ta sauya.

"Khamisu! Wannan ce Dubai ɗin?"

"Alhaji, ai girmamawa ce. Ba kowa ake haɗa shi anko da—"

"Sauran rigata ce take rawa a gaban hakimi!"

"Wakilinsa ne, Alhaji."

"Zan nuna maka wakili!"

Alƙali ya busa usur yana share hawaye. "Dama ta farko ta faɗi. Saura ɗaya. Ku gyara da sauri, lokacinku yana tafiya."

Khamisu ya buɗe baki zai ce wani abu, sai idonsa ya sauka a kan Nazira. Ta durƙusa a kan allon, ta rungumo Kunkuru, tana jan rigar da farce. Aina'u tana ja ta ɗaya gefen. Rigar ko gezau. Nazira ta sa haƙori, zaren ya ƙi. Ba ta yi ihu ba, ba ta dubi kowa ba, hawaye kawai ke ɗiga a kan shaddar Alhaji, tana ja tana sake ja. Duk ɗakin dariya ake yi, ita kaɗai ce ba ta yi.

Ya san ɗinkin nan. Ko za ta kwana tana ja ba zai saki ba. Abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne ya tsaya tsakanin 'yarsa da Kano. Kunyar da ya ji a gindin ɗorawa ta zama wasan yara.

Ya diro daga benci, ya ture mai kalangu, ya nufi igiya.

"Malam, iyaye ba sa shiga," in ji alƙali.

"Ni ba iyaye ba ne, tela ne!"

"Ba Injiniya ba?" in ji Shafi'i.

"Tela na ce!"

Alƙalin ya dubi yarinyar, ya dubi agogo, ya kau da kai. Khamisu ya durƙusa, ya zaro almakashi daga aljihu. Nazira ta ɗago jajayen idanu.

"Baba, na ce maka caji kawai."

"Kin faɗa. Riƙe min nan."

Ya sa almakashi a tsakiyar askar da ya ɓata yini yana yi, ya tsarge ta biyu. Ya bi ɗinkin yana datsewa, ƙyas, ƙyas, ƙyas, shadda tana zuba a ƙasa. Bai taɓa waya ko ɗaya ba, wannan kam a ba shi. Hula ce kawai ta rage, Nazira ta ce a bar ta, ba lokaci, ba ta rufe komai ba.

Ta ɗora shi a kan layi ta latsa. Kunkuru ya tafi, hanji a waje, hula a ka. Ya sha kwanar farko. Ya sha ta biyu. A ta uku ya ɗan yi jim, ɗakin gaba ɗaya ya riƙe numfashi. Sai ya gyara ya miƙe, a hankali, irin tafiyar mai sunansa, har ya taka ƙarshen layi ya tsaya.

Ihun da aka yi sai da tantabarun rufin suka tashi. Da aka gama lissafi, wata makaranta daga wajen Ɗambatta ta zo ta ɗaya, Ɗorawa Uku ta biyu. Nazira da Aina'u suka rungume Malama Sa'adiyya suna tsalle. Za a je Kano.

Alhaji Tahir ne ya miƙa musu ɗan kofinsu, yana jan rigarsa ƙasa da hannu ɗaya. Sannan ya sunkuya ya tsince yankakkun ƙyallayen kaf, ya danƙa wa Khamisu a hannu.

"Ka mayar mini da su inda ka ciro su. Kuma ranar Juma'a kai za ka sa ta ka je masallaci, ka yi wa mutane bayanin Dubai."

A hanyar komawa motar tana ratsa gonaki, an tara karan gero tsibi-tsibi, yara suna waƙa a baya. Khamisu ya yi shiru tun daga Minjibir, abin da ba a taɓa gani ba, har Shafi'i ya fara tambaya ko ba shi da lafiya. Nazira ta matso kusa da shi, ta ɗora masa kofin a cinya.

"Riƙe, Baba. Kai ma ka yi aiki."

Ya riƙe da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa. Sai can ya gyara murya.

"Shafi'i, ka dai ga hular nan ita ta daidaita masa nauyi a kwana ta uku."

Ya juya kofin, ya shafa gefensa, ya karkata kai. Ƙarfe ne fari, ba ko ɗan mayafi, kuma haka za a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta, baƙi suna shiga suna fita. Hannunsa ya lallaɓa aljihu, ya zaro tef ɗin awo.

Nazira ta fizge kofinta ta cusa a cikin hijabi.